Ɗamarar baya ga dattijon da ya samu karaya: wacce ke amfani, wacce ke ƙarewa a ƙarƙashin gado

Da zarar hoton asibiti ya nuna ɗaya daga cikin gaɓoɓin ƙashin bayan dattijo ta lotsa, tambayar farko da 'ya'yansa ke yi ita ce wace ɗamara za a sayo. Iri huɗu ne aka fi rubutawa: ɗamarar Jewett mai firam ɗin ƙarfe, rigar roba mai tauri da ke rufe jiki gaba da baya wadda asibiti ke kira TLSO, ɗamarar Spinomed ta kamfanin medi na Jamus, sai kuma bel mai laushi na yadi da ake samu a kusan kowane shagon kayan asibiti. Ma'auni ɗaya muka ɗora su a kai: wacce ce ke sa dattijo ya sauko daga gado ya taka ƙasa da wuri, kuma wacce ce zai yarda ya ci gaba da ɗaurawa har makonnin da ake buƙata su cika?

Dalilin wannan ma'auni shi ne, ba ɗamara ce ke haɗa ƙashi ba. Karayar da zaizayewar ƙashi ke jawowa, muddin ba ta taɓa laka ba kuma bangon baya na gaɓar bai fashe ba, tana haɗewa da kanta cikin mako 6 zuwa 12. Abin da ke gama da tsofaffi a wannan tsakani kwanciya ce. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2007 ya kwantar da tsofaffi masu ƙoshin lafiya kwana 10 kacal, aka tarar kusan kilo ɗaya na tsokar ƙafafunsu ya zube. Waɗannan fa lafiyayyu ne. Ga wanda ke fama da ciwo kuma ba ya cin abinci sosai, sai a ƙara da ciwon huhu, gudan jini a jijiyar ƙafa, gyambon kwanciya, taurin bayan gida da ruɗewa. Duk ɗamarar da ta rage zafi har mutum ya iya zama ya ci abinci, ya je bayi da ƙafarsa, ta biya kuɗinta. Wadda ta takura shi har ya gwammace kwanciya kuwa, komai tsadarta cuta ce.

Yawancin irin wannan karaya tana faruwa ne a mahaɗar bayan ƙirji da tsatso, a gaɓoɓin da likitoci ke kira T12 da L1, sai kuma tsakiyar baya wajen T7 da T8. Gaban gaɓar ne ke lotsawa, bayanta ya tsaya yadda yake, shi ya sa sunkuyawa ke ƙara danne wurin, miƙewa kuma ke sauƙaƙa masa. Don haka aikin kowace ɗamara a nan ɗaya ne, ta hana mutum ranƙwafawa gaba.

Jewett daɗaɗɗiyar ɗamara ce, kuma sunan likitan ƙashi ɗan Amurka Eugene Jewett take ɗauke da shi. Tana aiki ne ta hanyar dannawa a wuri uku: matashi ɗaya a kan ƙashin ƙirji, ɗaya a saman ƙashin mara, na uku a baya daidai wurin karayar. Biyun gaba suna tura jiki baya, na baya yana tura shi gaba, sai ƙashin ya miƙe. A fagen hana sunkuyawa ta yi zarra, kuma da yake firam ce kawai, ciki da haƙarƙari a buɗe suke, iska na shiga, zufa ba ta taruwa kamar a rigar roba. Karayar da ke tsakanin tsakiyar baya da saman tsatso ita ta fi dacewa da ita. Idan karayar ta yi sama sosai kusa da kafaɗa, ko ta yi ƙasa wajen L4 da L5, Jewett ba ta riƙe wurin.

Matsalarta a jikin tsoho ta fi ta mai ƙuruciya yawa. An ƙera ta ne da tunanin baya mai iya miƙewa. Dattijuwar da bayanta ya riga ya yi doro shekaru da dama ba za ta miƙe ba don an matse ta da ƙarfe. Abin da zai faru shi ne duk ƙarfin ya taru a kan siririyar fatar ƙirji da kan ƙasusuwan da suka bulluƙo a tsakiyar baya, kwana kaɗan wurin ya yi ja, ya sale. Sannan tana hawa sama idan an zauna. Ku lura da dattijo a kan kujera sanye da Jewett ɗin da ba a daidaita ba: cinya ta ɗaga matashin ƙasa, firam ɗin ya tura na sama har ya tokare maƙogwaro, sai ku ga ya ɗaga haɓa yana sa yatsu yana jan ƙarfen ƙasa. Wanda ya sha wannan sau biyu ba zai sake yarda a ɗaura masa ba. Maganin abin a wajen aunawa yake. A auna mutum a tsaye, a sake aunawa a zaune. A zaune, matashin ƙirji ya tsaya kamar faɗin yatsu biyu ƙasa da ramin da ke gindin wuya, na ƙasa kuma ya zauna dab da saman ƙashin mara ba tare da ya caki cinya ba. Sandunan gefe suna da kusoshin da ake sassautawa a rage tsawo. Wannan aikin mai haɗa kayan tallafin gaɓɓai ne ko likitan fisiyo, ba na mai shago ba. Kuma akwai waɗanda ba a ɗaura musu ita sam: mai karayar da ba ta zauna daram ba, mai cutar da ta sa gaɓoɓin bayansa suka manne da juna suka sandare, da wanda ke da karaya a ƙashin mara, domin matashin ƙasa a kan karayar zai sauka.

Rigar roba ta TLSO ɓari biyu ce, gaba da baya, ana haɗa su da maɗaurin Velcro a gefe, wani lokaci ma a kan awon jikin mutum ake narka ta. Babu wadda ta kai ta riƙo, don ita har juyawa da karkata gefe tana hanawa. Idan likitan tiyata ya ce gaɓar ta fashe har bangon baya, ko an yi aiki an sa ƙarfe, ita ce a wurinta kuma ba a musu a kai. Amma ga lotsawar da ba ta da haɗari, nauyinta ya fi amfaninta. Tana da zafi, tana matse ciki har mai ƙwannafi ya kasa cin abinci, mai ciwon huhu ko asma ya ji numfashinsa ya ragu, mai ƙaba kuma ta ƙara tura masa ita. Mutum ba ya ganin ƙafafunsa idan yana sanye da ita, wanda hakan kan sa tuntuɓe a bakin ƙofa ko matakala. Kusan babu tsohon da zai iya sa ta shi kaɗai. Ga mai ciwon mantuwa kuwa, sau da yawa takan zama abin tsoro, ya yi ta kokawar cire ta, kokawar nan kuma ta fi rashin ɗamarar illa. Idan babu makawa sai an sa, a duba gefenta na ƙasa ta gaba: dole a yanke shi yadda mutum zai zauna cinyarsa a miƙe ba tare da robar ta nutse a matsematsinsa ba, a kuma duba hammata, nan ma tana yawan ci.

Spinomed ta ɗauki wata hanya dabam. Sanda ce guda ta alminiyam mara nauyi a cikin aljihun yadi, tana bin tsakiyar baya tun daga ƙashin mazaunai har zuwa ɗan ƙasa da ƙashin da ke bulluƙowa a gindin wuya. Ana goya ta kamar jakar 'yan makaranta, igiya biyu a kafaɗa, faffaɗan bel a ƙasan ciki. Nauyinta bai kai rabin kilo ba. Ƙwararre ne ke lanƙwasa sandar da hannu har ta bi siffar bayan mai ita, kuma ana sake miƙar da ita kaɗan kaɗan idan tsayuwar mutum ta gyaru. Ba ta tilasta wa baya miƙewa. Idan mutum ya fara ranƙwafawa, igiyoyin kafaɗa su ja shi, sai ya tuna ya miƙe da tsokarsa. Wannan ne ya bambanta ta da sauran, domin su suna hutar da tsoka har ta yi rauni, ita kuwa tana sa ta aiki.

Binciken da aka fi ambata a kanta an buga shi a 2004 daga Jamus, a kan mata 62 masu karayar baya ta zaizayewar ƙashi. Bayan wata 6 suna sa ta kimanin awa 2 a rana, ƙarfin tsokar bayansu ya ƙaru da kashi 73 cikin 100, ciwo ya ragu da kashi 38, ranƙwafewar baya ta ragu da kashi 11. Alƙaluma ne masu kyau, amma a karanta su da abu biyu a rai: matan ba su da yawa, kuma Farfesa Helmut Minne wanda aka ƙirƙiro ɗamarar tare da shi yana cikin masu binciken. Duk da haka, abin da ake gani a wajen jinya bai saɓa wa wannan ba ta fuska mafi muhimmanci, wato tsofaffi suna yarda su sa ta. Ƙirji a sake yake, ana numfashi, ana cin abinci, tana ɓuya a ƙarƙashin riga mai faɗi.

Tana da nata raunin. A makon farko ko na biyu, lokacin da ko juyi a gado ke sa mutum ihu, ba ta ba da riƙon da Jewett ke bayarwa. Wanda kafaɗarsa ta sandare ko yatsunsa suka kumbura da amosanin gaɓɓai zai sha wahalar zura hannu da jan bel. Igiyar kafaɗa na iya goge gaban hammata idan an ɗaure ta da yawa. Kuma idan aka sayo ta aka sa ba tare da an lanƙwasa sandar ba, za ta tsaya nesa da baya a sama, ta caki wuri ɗaya a tsakiya, amfaninta ya tafi. Ana fara ta da minti 30 a rana, a riƙa ƙarawa har a kai awa 2 ko fiye, a lokacin da ake tsaye ko tafiya. Gajiyar tsoka a kwanakin farko ba abin damuwa ba ne, alamar tana aiki ce. Ba a kwana da ita. Akwai wasu kamfanoni da ke yin masu irin tsarinta, abin dubawa a jikinsu shi ne sandar tana lanƙwasuwa ta riƙe siffar da aka ba ta, kuma bel ɗin ƙasa yana kama ƙugu ba ya zamewa sama.

Bel mai laushi ba sai an daɗe a kansa ba. Ba ya hana sunkuyawa yadda ya kamata, kuma yawancinsu gajeru ne, suna ƙarewa daidai inda karayar T12 take, ta yadda bakinsu na sama ke zama wurin da baya ke lanƙwashewa. Idan za a saya, a nemi dogo mai ƙarafa a baya wanda ya haura wurin karayar sosai. Abin da yake bayarwa ɗumi ne da jin an riƙe mutum, kuma wannan ba abin rainawa ba ne idan shi zai sa dattijuwa ta yarda ta miƙe.

Wanda ke shirin kashe kuɗi mai yawa a kan ɗamara mai tauri ya kamata ya san abin da gwaji ya nuna. A Koriya ta Kudu a 2014 an raba marasa lafiya 60 masu sabuwar karaya gida uku: masu ɗamara mai tauri, masu mai laushi, da waɗanda ba a sa musu komai ba. Bayan mako 12, waɗanda ba su sa komai ba ba su gaza sauran ba wajen iya hidimar kansu. A Japan a 2019 an gwada mai tauri da mai laushi a kan mata tsofaffi, a mako na 48 ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba a yawan lotsewar gaɓar. Saboda haka idan likita ya ce karayar ta zauna daram, kuma dattijo yana iya tashi da maganin ciwo kaɗai, rashin ɗamara ba sakaci ba ne. Hukuncinmu dai shi ne: TLSO ga wanda likitan tiyata ya wajabta wa, Jewett ga mai sauran ƙarfi wanda bayansa bai yi doro ba kuma ciwon farko ya hana shi zama, Spinomed ko mai irin tsarinta ga mafi yawan tsofaffi da zarar zafin farko ya lafa, bel mai laushi kuma ga wanda ba zai jure sauran ba.

Kowacce aka zaɓa, yadda ake sa ta na iya gyara ta ko ɓata ta. Jewett da TLSO a kwance ake ɗaura su a makonnin farko. Mutum ya lanƙwashe gwiwa, a juya shi gefe kafaɗa da ƙugu su tafi tare ba tare da murɗa baya ba, a shimfiɗa ɓarin baya, a mayar da shi rigingine, a ɗora na gaba, a ɗaure daga ƙasa zuwa sama. Tashi ma ta gefe ake yi: a sauke ƙafafu daga bakin gado, a tura jiki sama da gwiwar hannu. A sa rigar ciki ta auduga mai kama jiki a ƙarƙashi, mara kauri a ɗinki, a ja ta kada ta yi ninki, a canza ta da zarar ta jiƙe. Kada a shafa mai ko hoda a inda matashi ke zama, suna tausasa fata su tara datti. Duk lokacin da aka cire, a duba ƙirji, tsakiyar baya, ƙasusuwan ƙugu da hammata da haske mai kyau. Jan da ya ɓace cikin minti 20 zuwa 30 ba komai. Wanda ya wuce haka, ko wurin ya yi duhu, ya yi zafi ko tauri a fata mai duhu, alamar gyambo na tafe, a koma a gyara ɗamarar, kada a cusa tsumma a ƙarƙashi don hakan ƙara matsi yake. Masu tauri ba a son su wuce mako 8 zuwa 12, kuma ba a yar da su rana ɗaya. Ana rage awa ɗaya ko biyu duk bayan 'yan kwanaki, ana fara cirewa lokacin zama a gida, ana barin ta don tafiya, tare da motsa jikin da likitan fisiyo ya tsara don ƙarfafa tsokar baya. Motsa jikin da ke sa a naɗe jiki gaba, kamar taɓo yatsun ƙafa, haramun ne ga mai wannan karaya.

Karayar ƙugu, wato zoben ƙashin da ya kewaye mara, ba kan ƙashin cinya ba, labarinta dabam, kuma nan ne ake yawan asarar kuɗi. Babu ɗaya daga cikin ɗamarun nan huɗu da ke yi mata amfani. Faffaɗan maɗaurin da ma'aikatan gaggawa ke ɗaure ƙugu da shi bayan haɗarin mota don tsayar da jini na 'yan awoyi ne, ana ƙoƙarin cire shi cikin awa 24 saboda yana kashe fata, ba kayan jinyar gida ba ne. Tsohon da ya zame ya faɗi ya tsage ƙashin mara, abin da zai tashe shi maganin ciwo ne a kan lokaci da madogari mai ƙafa huɗu, yana taka ƙafar gwargwadon yadda zai iya jurewa tun daga kwanakin farko. Mai taya biyu a gaba ya fi wanda ake ɗagawa, musamman idan akwai karayar baya tare, don ɗagawar na ɗora wa baya nauyi. Tsawonsa: mutum ya tsaya hannuwansa a sake, mariƙin ya zo daidai wuyan hannu. Idan ya yi gajere zai sa shi sunkuyawar da ake gudu. A ƙara da abin ɗaga mazaunin masai kamar santimita 10, da kujera mai tauri mai hannu wadda ƙugu ke ɗan fin gwiwa tsawo idan an zauna.

Abu ɗaya ne ba ma so a yi wasa da shi a karayar ƙugu. Ƙugu zobe ne, ba kasafai yake karyewa a wuri ɗaya ba. Da yawa daga cikin waɗanda hoton farko ya nuna musu tsaga a gaba suna da wata a baya, a faffaɗan ƙashin da ke gindin baya, wadda hoton ƙashi na yau da kullum ba ya kamawa sai hoton na'urar CT ko MRI, masu nuna cikin jiki dalla-dalla. Idan an kwashe kamar mako guda ana shan magani amma dattijo ya kasa tsayuwa, ko yana nuna ciwon a gindin baya da mazaunai, a nemi CT. Wasu irin waɗannan karayar ana ɗaure su da kusa ta ƙaramin yanka, mutum ya tashi cikin 'yan kwanaki maimakon watanni a gado. Mai shan maganin tsinka jini kuma a sa masa ido a kwana biyun farko, don ko ƙaramar tsaga na iya zubar da jini a ciki: jiri, farin ido, bugun zuciya da sauri ko kumburin mara na nufin asibiti nan take.

Haka ma a karayar baya, akwai alamun da ɗamara ba ta da ta cewa a kansu: ƙafa ta fara mutuwa ko rauni, rashin jin taɓi a tsakanin cinyoyi, fitsari ya ƙi fita ko ya riƙa zuba ba a sani ba, bayan gida ya kufce. Waɗannan na nuna ana danne jijiya, awoyi ne ke tsakanin warkewa da nakasa. Ciwon da ya lafa sannan ya dawo da ƙarfi bayan makonni, ko wanda bai ragu ko kaɗan ba bayan mako 6, yana buƙatar sabon hoto, domin gaɓar na iya ci gaba da lotsawa, ta ƙi haɗewa, ko wata ta kusa da ita ta karye. Zazzaɓi, rama ko tarihin ciwon daji kuma na sa a binciki ko ba zaizayewar ƙashi ce kaɗai ta jawo karayar ba.

Babban abin da ke ba mu takaici shi ne iyalin da suka sayi ɗamara mai kyau suka ɗauka an gama. Cikin matan da suka samu sabuwar karayar baya bayan daina al'ada, kusan ɗaya cikin biyar na sake samun wata kafin shekara ta zagayo, kuma babu ɗamarar da ke hana wannan. Maganin ƙarfafa ƙashi ne ke rage shi. Kafin a bar asibiti a tambayi likita awon ƙarfin ƙashi na DXA, gwajin ƙoda, kalsiyam da bitamin D, da kuma maganin da ya dace. Alendronate miligiram 70 ake sha sau ɗaya a mako, da safe kafin a ci komai, da cikakken kofin ruwa, a zauna a miƙe ko a tsaya minti 30, in ba haka ba yana ƙona maƙoshi, don haka wanda bai iya zama ba tukuna ba a fara masa shi. Zoledronic acid miligiram 5 ne ta jijiya sau ɗaya a shekara, amma sai ƙoda na da lafiya. Denosumab allura ce ta miligiram 60 duk wata 6, kuma a rubuta ranar ta gaba a inda ba za a manta ba, domin idan aka tsallake ta ko aka daina ba tare da an maye gurbinta da wani magani ba, gaɓoɓin baya da dama na iya karyewa a jere cikin 'yan watanni.